Rarakewar Ƙashi: Yadda Za Mu Auna Haɗarin Karaya Ga Tsofaffinmu Na Gwarzo Da Kabo



Sa'ad da muka faɗa wa abokanmu abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa yau, waɗansu dariya suka yi mana. Suka ce, ku da ko shekara ashirin da biyar ba ku cika ba, ina ruwanku da ciwon tsofaffi? To, za mu ba su amsa da wani labari.

A hutun da ya wuce, a wani ƙauye da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, kakar ɗaya daga cikinmu ta fito da butarta za ta yi alwalar asuba, sai ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa ta faɗi a kan ƙugunta. Ba daga bishiya ta faɗo ba, ba kuwa babur ne ya buge ta ba. Faɗuwa ce irin wadda yaro zai yi sau goma a yini ya tashi yana dariya. Amma ita ta kasa tashi. Aka kira mai ɗori, ya shafa, ya ce gocewa ce. Sai da aka yi mako uku tana kwance, har gyambon kwanciya ya fara fito mata, sa'an nan aka tara kuɗi aka kawo ta Kano. Hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ne ya karye. Da likita ya shiga tambaya, sai aka tuna cewa shekara huɗu kafin haka ta taɓa karyewa a tsintsiyar hannu ran da ta zame ta dafa ƙasa, aka ɗora, ya warke, kowa ya manta. Aka kuma tuna cewa zanen da ta saba ɗaurawa ya daɗe da fara jan ƙasa, har jikoki suna yi mata tsiya wai Iya tana komawa yarinya. Watau shekara huɗu cur jikinta yana ba mu labari, mu kuwa da ake kira masu ilmin zamani ba wanda ya iya karanta shi.

Wannan ciwo likitoci suna kiransa ostiyoforosis, ma'anarsa ƙashi mai huji-huji. Mu dai mun ga ya fi dacewa mu kira shi rarakewar ƙashi, domin duk wanda ya taɓa ganin katakon da gara ta ci ya san abin da ake nufi: daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama holoƙo, ka ɗan dafa shi sai ya burme.

Kada mu ɗauka ƙashi wani busasshen abu ne kamar dutse. Abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, har masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ake sabuntawa kowace shekara. Tun daga yarinta har zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa, ƙashi yana ta ƙara ƙwari. Daga nan sai a tsaya, kana a hankali rushewa ta soma rinjaye. Ga mace kuwa, idan jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin istirojin da yake tsare mata ƙashi sai ya ja baya, ta yi shekaru tana asarar abin da ya kai wajen kashi 2 cikin 100 kowace shekara. Ga amsar masu yi mana dariya ke nan. Mu da muke zaune a wannan ɗaki muna cikin shekarun ƙarshe na cika rumbu, abin da muka tara yanzu shi za mu ci har tsufa.

Amma ba wannan ne ainihin maganarmu ba. Maganarmu ita ce, cikin tsofaffin da ke gidajenmu, yaya za a gane wanda ya fi kusa da karaya tun bai karye ba?

A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni. Akwai wata na'ura mai suna DXA wadda take auna nauyin ma'adinin da ke cikin ƙashin ƙugu da na gadon baya, sa'an nan a gwada shi da na lafiyayyar budurwa. Sakamakon shi ake kira makin T. Wanda makinsa ya tsaya daga -1 zuwa sama, ƙashinsa daidai yake. Tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa. Daga -2.5 zuwa ƙasa, an shiga rarakewa sosai. Kowane maki ɗaya da mutum ya sauka a awon wuyan ƙashin cinya, haɗarin karayar wurin yana ninkuwa kamar sau biyu da rabi.

Wannan ma'auni yana da kyau, sai dai yana da aibi biyu. Na farko namu ne: na'urar tana da tsada, ba kuwa abin da za a tarar a ɗakin shan magani na Garo ko na Getso ba ne. Na biyu kuwa ya shafi duniya duka. Da aka bi dubban mata shekara da shekaru a Amurka da Holan, sai aka ga cewa fiye da rabin waɗanda suka karye makinsu bai kai -2.5 ba. Ashe nauyin ƙashi kaɗai bai isa ya ba da labari duka ba. Mace mai shekara 50 da mai shekara 80 suna iya samun maki ɗaya, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Saboda haka ne masana a Jami'ar Shefil ta Ingila, a ƙarƙashin Farfesa John Kanis, suka fito da wata hanyar lissafi a shekarar 2008 wadda suka sa wa suna FRAX. Ana samunta a intanet. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne, tana iya aiki ko ba a yi awon na'ura ba. Tambayoyi take yi, waɗanda kusan dukkansu jika zai iya yi wa kakarsa a kan tabarma. Shekara nawa, daga 40 zuwa 90? Namiji ko mace? Nauyi da tsawo? An taɓa karyewa bayan girma a kan 'yar ƙaramar faɗuwa? Uwa ko uba sun taɓa karyewa a ƙugu? Ana shan taba? Ana shan giya da yawa kullum? An taɓa shan ƙwayoyin sitiroyid na tsawon wata uku ko fiye? Akwai ciwon sanyin gaɓoɓi irin mai kumbura yatsu yana karkatar da su? Akwai wani ciwo dabam mai cin ƙashi, kamar maƙoƙon da ke sa zuciya gudu da rama, ko ciwon hanta mai daɗewa, ko ɗaukewar al'ada kafin shekara 45? Idan an amsa, sai ta ba da lamba biyu: yiwuwar karyewar ƙugu cikin shekara 10 masu zuwa, da yiwuwar kowace babbar karaya, watau ta ƙugu, ko gadon baya, ko tsintsiyar hannu, ko dantse kusa da kafaɗa.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin mun lura ko a tsakaninmu ɗalibai ana ruɗewa a kan ma'anar irin wannan lamba. Idan aka ce wa mace haɗarinta kashi 20 cikin 100 ne, ba duba aka yi mata ba, ba a kuwa shiga ilmin gaibu ba, wanda Allah kaɗai ya bar wa kansa. Abin da aka ce shi ne, in aka tara mata ɗari masu shekarunta da nauyinta da tarihinta, ana sa ran ashirin za su karye kafin shekara goma, tamanin ba za su karye ba, ba kuwa wanda ya san a wane ɓangare take. Kamar manomin Kabo ne da ya dubi gabas a watan Agusta ya ce yau da wuya a kwana ba ruwa, ya kwashe shanyarsa. Wata rana ruwan ba ya zuwa, amma ba wanda zai ce ya yi wauta. A Amurka likitoci sukan fara ba da magani idan haɗarin ƙugu ya kai kashi 3, ko na babbar karaya ya kai kashi 20. Waɗannan iyakoki nasu ne, sun yanke su bisa ga kuɗin maganinsu da aljihunsu.

To, ga inda gizo ke saƙa. FRAX ba lissafi ɗaya ba ne ga duniya duka. Kowace ƙasa ana daidaita mata nata bisa ga yawan karayar ƙugu da yawan mace-macen da aka ƙidaya a cikinta. Idan muka shigar da labarin tsohuwar Lakwaya cikin lissafin Ingila ko na Suwidin, inda karayar ƙugu ta yi yawa ƙwarai, lambar da za ta fito ta 'yar Ingila ce mai kama da ita, ba tata ba. A Afirka ta Kudu da Botsuwana an zauna an ƙidaya, an yi musu nasu. Mu kuwa me muke da shi?

Abin da aka fi ambata game da ƙasarmu shi ne binciken da Adebajo da abokan aikinsa suka buga a 1991, inda suka gwada Ibadan da Ingila, suka tarar karayar ƙugu a Ibadan kaɗan ce ainun. Kafin su, a 1968, wani likita mai suna Solomon ya faɗi irin wannan game da baƙaƙen fata na Johannasbag. A ƙasar Gambiya ma, a yankin Keneba, wani bincike na 1996 ya nuna abin mamaki: tsofaffin matan ƙauye ƙashinsu ba nauyi, abincinsu ba kalsiyam sosai, amma karaya ba ta yawaita a cikinsu ba. Daga irin waɗannan ne magana ta bazu cewa wannan ciwon Turawa ne, baƙar fata ba ruwansa.

Mu dai, da ɗan ƙaramin saninmu, ba mu yarda a kwanta a kan wannan magana ba. Lalle akwai gaskiya a ciki. Matar da ta yi shekara hamsin tana daka, tana jan ruwa a rijiya, tana ɗaukar itace a ka, tana tafiya kasuwa a ƙasa, ta ba ƙashinta da tsokarta horon da matar birni mai zama a kujera ba ta samu ba, ƙashi kuwa yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi. Amma a duba yadda aka yi ƙidayar. A asibiti aka ƙirga. Wa ya ƙirga waɗanda aka kai wa mai ɗori? Wa ya ƙirga waɗanda suka kwanta a ɗaki wata biyu suka cika, aka ce tsufa ne? Kakar da muka ba ku labarinta, da ba a samu kuɗin mota ba, da ba ta shiga littafin kowa ba. Har ila yau, da aka sāke ƙidaya da kyau a Afirka ta Kudu, binciken da aka buga a 2020 ya nuna karayar ƙugu a cikin baƙaƙen fata ta ninka abin da Solomon ya gani nesa ba kusa ba. Mutane sun ƙara tsawon rai, zama ya canja, ƙidaya kuma ta gyaru. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum fiye da 180,000, Kabo kuwa fiye da 150,000, yau kuma sun haura haka ƙwarai. Ko da kaɗan ne cikin ɗari suka tsufa, dubbai ne.

Akwai kuma waɗansu abubuwa namu na gida waɗanda suke sa mu ƙara damuwa. Babbansu shi ne ƙwayoyin sitiroyid, irin su dekzametazon da firednisolon. A ƙa'idar FRAX, wanda ya sha miligiram 5 na firednisolon kullum har wata uku ya shiga cikin masu haɗari. To, ku dubi abin da ke faruwa a kasuwanninmu. 'Yan mata suna sayen ƙwayoyin ƙiba gab da biki domin su cika ido. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna sayen haɗin ƙwayoyi a ƙulle cikin leda daga hannun masu talla, su ji sauƙi nan take, su koma gobe, su shekara a haka ba su san abin da ke ciki ba. Mayukan sauya launin fata da yawa su ma akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu. Wannan gara ce da muke saye da kuɗinmu muna zuba wa kanmu, kuma a ganinmu, cikin dukan tambayoyin FRAX ba wadda ta fi wannan muhimmanci a ƙasar Kano. Wanda ya daɗe yana sha kuwa kada ya yanke rana ɗaya, domin yankewar gaggawa tana da nata haɗarin. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Sai abinci. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake. A Jos, binciken da Thacher da abokansa suka buga a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, masu gwame da masu ƙafar baka, ƙarancin kalsiyam ne ya fi damunsu, ba rashin rana ba, domin abin da suke samu a yini bai wuce wajen miligiram 200 ba. A Ingila ana son baligi ya samu 700. Tuwon dawa da na masara ba su da shi sosai, dusar hatsi ma tana da wani sinadari mai riƙe shi ya hana hanji tsotsewa. Abin farin ciki, maganin yana bakin ƙofarmu: nono da kindirmo, waɗanda kofi guda yake ba da kusan miligiram 300, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Abin baƙin ciki kuwa, a gidaje da yawa tsohuwa ita ce ta ƙarshe da ake tunawa da ita idan ana rabon nono. Haka kuma tsohuwar da ba ta fita tsakar gida ta sha hantsi tana iya rasa bitamin D a ƙasar da rana ta yi wa yawa.

Game da yawan haihuwa da shayarwa, kada mu tsorata iyayenmu mata a banza. Gaskiya ne mai shayarwa takan rasa wani abu daga ƙashinta, amma yawanci yakan dawo bayan yaye. Abin da ake tsoro shi ne haihuwa a kan haihuwa ba hutu, ga kuma yunwa.

To, yaya za mu yi awo da abin da ke hannunmu? Akwai wani ɗan lissafi da aka ƙirƙiro a 2001 domin matan Asiya da al'adarsu ta ɗauke, ana kiransa OSTA, wanda ba ya bukatar kome sai sikeli da sanin shekaru. A ɗauki nauyi a kilo, a debe shekaru, a ninka abin da ya rage da 0.2. Mace mai kilo 62 da shekara 55, bakwai sau 0.2, ta samu 1.4, haɗarinta ƙarami ne, domin duk abin da ya haura -1 ƙarami ne. Mai kilo 50 da shekara 65 ta samu -3, tana tsakiya. Mai kilo 45 da shekara 70 ta samu -5, duk abin da ya gaza -4 kuwa babban haɗari ne. Ba a kan matanmu aka gina shi ba, saboda haka ba hukunci yake yankewa ba, rariya ce kawai ta tace wa za a fara kai wa likita. Wahalarsa ɗaya a wurinmu ita ce shekaru, don tsofaffinmu da yawa ba su da takardar haihuwa. Amma ana iya kamo bakin zaren. Wadda ta ce an yi mata aure shekarar da aka kashe Sardauna, 1966 ke nan. Wadda ta yi haihuwar fari shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973 ke nan.

Bayan wannan akwai alamu uku da ba sa bukatar lissafi ko kaɗan. Ta farko, kuma mafi girma, ita ce tsohuwar karaya. Wanda ya haura shekara 50 ya karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsawonsa ba, haɗarin sāke karyewarsa ya ninka kamar sau biyu, kuma ya fi tsanani a shekara biyun farko. Ta biyu ita ce raguwar tsawo. Ƙasusuwan gadon baya sukan burme ɗaya bayan ɗaya, wajen biyu cikin uku ba a ma sanin sun karye, sai dai a ga mutum yana ranƙwafawa yana kukan ciwon baya. Wanda ya rasa santimita 4 ko fiye daga tsawonsa na ƙuruciya ya cancanci a ɗauki hoton bayansa, hoto kuwa ba sai an je Turai ba. Ta uku ita ce tafiya. A sa tsoho ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin masu saurin faɗuwa. Wannan ta uku FRAX ba ta tambayarta, alhali kuwa ƙashi kome rarakewarsa da wuya ƙugu ya karye sai an faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma sai akwai ƙadangaren.

Faɗuwar tsofaffinmu kuwa mun san inda take faruwa: dokin ƙofa mai tudu, santsin makewayi da damina, bakin rijiya, igiyar akuya a tsakar gida, duhun asuba, da yanar ido wadda aikin minti kaɗan yake cirewa. Fitila mai caji guda da sanda mai kyau ba su kai kuɗin motar kawo majiyyaci daga Gwarzo zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ba, balle kuɗin aikin ƙugu. A ƙasashen da suke da kayan aiki ma, cikin tsofaffi biyar da suka karye a ƙugu, ɗaya ko fiye ba ya cika shekara. Magani kuma akwai. Ƙwayar alendironet, miligiram 70 sau ɗaya a mako, wadda ake sha da safe kafin a ci kome, da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe rabin sa'a, tana rage karayar gadon baya da wajen rabi ga wanda ya cancanta. Likita ne zai rubuta ta bayan ya duba ƙoda da sauran jiki. Muna roƙo kada wani ya fita daga nan ya je kyamis ya saya wa kakarsa.

Shugaban taro, game da masu ɗori muna so mu yi magana da ladabi, domin sana'a ce ta gado, kuma kowane ɗayanmu yana da ɗan'uwan da aka ɗora ya warke. Amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba su kaiwa, jinin da ke ciyar da kan ƙashin kuma sau da yawa yakan yanke tare da karayar. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, aka ga ƙafar ta gajarce ta juya waje, asibiti ne wurinsa a ranar, ba bayan mako uku ba. Duk da haka, masu ɗori su ne suke riƙe da abin da masana suka rasa, watau sanin wa ya karye, a ina, kuma yaushe.

Shawarar da muka zo da ita ke nan. A hutu mai zuwa, kowane ɗalibi ɗan Gwarzo ko Kabo ya sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ya nemi izinin dagaci ko mai unguwa, ya je ya gai da mai ɗorin garinsu, ya roƙe shi su riƙa rubuta duk wanda ya haura shekara 50 da aka kawo: namiji ko mace, kimanin shekaru, wane ƙashi, da yadda aka yi ya faɗi. Ba a rubuta suna. 'Yan'uwanmu masu karatun likita sun yarda za su nemi malami ya duba tsarin kafin mu fara, domin aikin ya bi ƙa'ida. Ku kuma yayyenmu ma'aikata da ke sakatariyar ƙananan hukumomin nan biyu da sashen lafiya, abin da muke nema a wurinku takardar gabatarwa ce zuwa ga hakimai, da aron sikeli da tef ɗin awo daga ɗakunan shan magani ranar da ba a awon ciki. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa da na garinsu kafin a tashi.